Hawan Jini Da Aikin Nas A Ƙauyukanmu

Da kakar bara wani dattijo da muke sujada tare da shi, a wani ƙauye kusa da 'Yargoje, ya tashi da asuba zai tafi gona, gama lokacin karyar masara ne. Ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, sai hannun dama ya ƙi. Ya kira matarsa, magana ta fito a karkace. Kafin rana ta ɗaga gida ya cika. Wannan ta ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce ai jifa ne, tun da gonarsa ta fi ta kowa kyau. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe. Sai da rana ta yi tsaka aka samo mota aka kai shi asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe shi ta ɗaura masa abin awo a damtse. Ta dubi lambobin, ta dubi babban ɗansa, ta ce, "An taɓa gaya wa Baba yana da hawan jini?" Ɗan ya ce shi dai bai sani ba. Sai matar ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani kati da ya yi laushi don daɗewa. Shekara biyu ke nan da ba shi. An rubuta awonsa, an rubuta sunan magani, an rubuta ranar da zai koma. Daga nan zuwa ƙasa katin fari fat.

"Ya sha na wata ɗaya," in ji matar, "ya ce ya warke."

Yau yana da rai, mun gode wa Allah. Amma yana jan ƙafa, fartanya kuwa sai dai kallo. 'Ya'yansa biyu da ke makarantarmu sun daina zuwa, domin gona ta koma wuyansu.

Tun ran nan katin bai bar zuciyarmu ba. An gano ciwon da wuri, magani kuma ya samu. Abin da ya tsinke shi ne komawa wurin wadda ta rubuta katin. Shi ya sa a wannan wata muke so mu tattauna da masu karatu a kan aikin nas wajen riƙe hawan jini, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu mutanen gida.

Mene ne hawan jini?

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa da mesarsa. Inji yana tura ruwa, mesa tana kai shi fadama. In ƙarfin turawa ya wuce kima, ko mesa ta ƙanƙance ta yi tauri, wata rana za ta tsage a inda ta fi rauni. Haka zuciya take da jijiyoyin jini. Hawan jini shi ne jini ya riƙa matsa wa bangon jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, dare da rana, shekara da shekaru. In jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji da turawa, sai ta kumbura ta kasa. Ƙoda da idanu su ma suna lalacewa a hankali.

Awo yana ba da lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne na mai lafiya. In an auna mutum a ranaku biyu dabam dabam aka iske ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, ko sun wuce haka, to, yana da hawan jini.

Sunan yakan ruɗe mu. Waɗansu suna tsammani jinin ne ya yi yawa, sai su tafi wurin wanzami a yi musu ƙaho a rage. Ƙaho ba ya taɓa wannan ciwo. Waɗansu suna cewa ciwon masu kuɗi ne, ko na mai yawan tunani. Gaskiya ne tsoro da damuwa suna ɗaga awo, amma manomi siriri mai fara'a ma yana kamuwa. Shekaru suna kawo shi, ana gadonsa, yawan gishiri da ƙiba da giya da ciwon ƙoda duk suna taimaka masa.

Mukan ce jiki magayi. A nan kam jiki ba ya faɗa. Yawancin masu hawan jini ba sa jin kome, ba ciwon kai, ba jiri. Aikinsa irin na gara ne: tana cin azara daga ciki, mai ɗaki yana barci, sai ranar da rufi ya rufto. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023, ta ce manya masu hawan jini a duniya sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kusan rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba. A Nijeriya ana lissafin wajen mutum ɗaya cikin manya uku. Ku duba bencin da kuke zama ran Lahadi, ku ƙirga.

Don me muka ce nas?

A ƙauye duk mai farar riga likita muke ce masa. Amma in mun faɗi gaskiya, sau nawa mutumin 'Yargoje, ko na ƙauyukan Faskari da Sabuwa, yake ganin likita ido da ido? Sai ya tafi babban asibitin Ƙanƙara, ko Funtuwa, ko Malumfashi. In abin ya yi tsanani kuma sai Katsina, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuɗin mota, yinin aiki guda, da layi mai tsawo. Mutum zai iya yin wannan sau ɗaya don a yi masa aiki. Ba zai iya yinsa kowane wata har iyakar ransa ba. Hawan jini kuwa abin da yake bukata ke nan: a auna, a sha magani, a koma, a sāke aunawa, ba ranar gamawa.

Waɗanda ke kusa da mu su ne nas, da ungozoma ta asibiti, da jami'an kiwon lafiyar al'umma, maza da mata. Da yawansu 'ya'yan jiharmu ne, sun yi karatu a makarantar koyon jinya ta Katsina, ko ta ungozoma a Malumfashi, ko makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura. Waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu kuma a Wusasa suka koya. Suna jin harshenmu, sun san tuwonmu, sun san abin da muke ɓoyewa.

Dā ana ganin rubuta maganin hawan jini aikin likita ne shi kaɗai. Wannan ya sāke. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa nas da masu harhaɗa magani za su iya ba da maganin hawan jini, muddin an horar da su, an ba su izini, suna bin tsari rubutacce, akwai kuma likitan da ke duba aikinsu. A ƙasarmu ma an gwada. A shekarar 2020 aka fara wani shiri a ƙananan asibitoci 60 na yankin Abuja, aka kuma fara wani a jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke auna mutane, su ba su magani bisa tsari guda mai sauƙi, su riƙa bin sawunsu. Abin da aka koya shi ne, yawancin masu hawan jini ba sa bukatar babban asibiti. Suna bukatar wani na kusa wanda ya san aikinsa, wanda kuma ba zai manta da su ba.

Aiki na fari: awo na gaskiya

Abin awon nan ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙago madaurin damtse a 1896. A 1905 wani likitan Rasha, Korotkoff, ya gano yadda ake sauraron bugun jini a gwiwar hannu. Yanzu akwai mai batir, wanda yake nuna lambobi da kansa. Amma ko da wane iri aka yi, in ba a bi ƙa'ida ba awo yakan yi ƙarya.

Shi ya sa in ka iso a guje daga kan babur, nas mai sanin aiki ba za ta auna ka nan take ba. Za ta ce, "Baba, zauna ka huta tukuna." Kada ka ce wulakanci ne. Ana bukatar hutun minti biyar. Za ta sa ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a bisa tebur daidai da ƙirji. Za ta naɗe hannun riga, ta zaɓi madaurin da ya dace da kaurin damtsenka, gama ƙaramin madauri a babban damtse yana ƙara lamba. Za ta ce ka yi shiru, ko gaisuwa a dakata da ita. In fitsari ya matse ka, ka fara zagayawa. Goro da taba da kofi kuma a bar su rabin sa'a kafin awo.

In lamba ta hau, za ta sāke aunawa, ta kuma ce ka dawo wata rana. Akwai mutanen da ganin asibiti kaɗai yake ɗaga musu jini. Ba a ɗora wa mutum maganin da zai sha iyakar ransa bisa awo ɗaya, sai fa in lambar ta yi tsananin hawa. Wannan haƙuri na minti goma shi ne harsashin dukan abin da zai biyo baya.

Aiki na biyu: magani da kati

Tsarin da aka yi amfani da shi a shirye-shiryen nan na ƙasarmu kamar tsani yake. Ana farawa da ƙwaya ɗaya a rana, mai suna amlodifin. Bayan wata guda a sāke awo. In bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, a haɗa da wata mai suna losatan. In har yanzu bai sauka ba, a ƙara ƙarfinsu, daga baya a haɗa da ta uku, wadda ke sa fitsari. In an kai ƙarshen tsani bai sauka ba, nas ta san nan iyakarta take, sai ta tura mutum wurin likita. Saboda haka in an ƙara maka ƙwaya ta biyu, kada gabanka ya faɗi. Mutane da yawa sai da biyu ko uku jininsu yake daidaita.

Magani ba ya kashe hawan jini, danne shi yake yi. Ran da aka bar sha, sai ya fara hawa a hankali, mutum bai sani ba. Nan ne dattijonmu ya faɗi. Ya ji garau, ya ce ya warke, alhali tun farko ma garau yake ji.

Mun zauna da wata nas 'yar ikkilisiyarmu, muka tambaye ta me ke sa mutane su bar magani. Ta ce dalilan ba su da yawa, amma ba a faɗa mata sai ta yi ta lallashi. Wata ƙafarta ce ta ɗan kumbura, abin da amlodifin kan yi wa waɗansu. Wani tari ne ya dame shi daga wani irin magani. Wani fitsarin dare ne, alhali da ya sha ƙwayar da safe da bai sha wahala ba. Wani magidanci kuma yana zargin maganin ya taɓa masa sha'anin aure, kunya ta hana shi faɗa. Ta ce duk waɗannan suna da mafita, gama magunguna iri iri ne, ana iya sauyawa. Abin da ba shi da mafita shi ne a yi shiru a jefa ƙwaya bayan gado.

Za ta kuma tambaye ka me kake sha ban da nata. Kada ka ɓoye. Magungunan ciwon jiki da manoma ke saye a kemis ko hannun 'yan talla bayan an dawo gona, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ɗaga jini, suna kuma cutar da ƙoda in an daɗe ana sha. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da waɗansu 'yan mata ke sha kafin aure. Zoɓo marar sukari da tafarnuwa da zogale ba laifi a ci a sha, amma ba sa maye gurbin ƙwaya.

Sai kati. Mu malaman makaranta mun san darajar rajista: in yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, rajista ce ke tona shi, mu aika gida. Haka nas take yi da littafinta. Ta san wa ya kamata ya zo wannan mako bai zo ba. Mai himma takan buga waya, ko ta aika da saƙo ta bakin maƙwabci ran kasuwa. Cikin dukan aikinta ba abin da ya fi wannan ceton rai, ba kuma abin da aka fi rainawa.

Aiki na uku: shiga madafa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya, da yaji, da tsire da kilishi, da burodi, da taliyar leda da yara ke so. Uwargida ta ƙirga dunƙule nawa take jefawa a tukunya ɗaya, ta ƙara da gishiri, mai gida kuma ya barbaɗa yaji a kai.

Likita a babban asibiti zai ce, "A rage gishiri," ya kira na gaba. Nas ita ce za ta zauna da uwargida su yi maganar miyar kuka da ta kuɓewa. Za ta ce a rage kaɗan kaɗan, harshe zai saba cikin 'yan makonni. A ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Kada a ware wa Baba tukunyarsa shi kaɗai kamar mai laifi, a rage wa gida duka, gama yaran ma jininsu ɗaya da shi. A yawaita ganye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, da wake da 'ya'yan itace na lokacinsu. Mai shan burkutu ko giyar kwalba, da mai shan taba, za ta gaya masa gaskiya ba tare da ta kunyata shi ba.

Akwai kuma kanwa. Sinadarin da ke sa gishiri ya ɗaga jini yana cikin kanwa da yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a ƙasar Zariya da Malumfashi. Suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma. Duk da haka, mai jegon da jininta ya hau, kunun kanwa ba abincinta ba ne. Wa zai iya gaya wa uwar miji wannan magana ta ji? Sai mace irinta, wadda ta san al'ada, ta kuma san awo.

Mata masu ciki

Nan ne aikin nas da ungozoma ya fi gaggawa. Akwai hawan jinin da ciki ke kawowa, yawanci bayan ya wuce mako 20, ko ga yarinyar da ba ta taɓa ciwo ba. Masu cikin fari sun fi shiga haɗarinsa. In ba a gano shi ba yakan kai ga jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Sau da yawa a gida akan ce aljanu ne, a ɓata sa'o'in da ba su dawowa.

Abin da ya sa ake auna jini da fitsari duk ranar awon ciki ke nan. Alamun haɗari kuwa kowane miji ya kamata ya haddace su: ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari. In an ga ɗaya, ba a jiran gari ya waye. Haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana iya zuwa cikin kwanakin jego.

Akwai allura mai suna magniziyam salfet da ke tsayar da jijjiga. A shekarar 2008 aka horar da likitoci da ungozomomi a asibitoci goma na Jihar Kano a kan yadda ake ba da ita. Kafin nan wajen mace ɗaya cikin biyar masu jijjiga tana mutuwa a asibitocin. Bayan an fara, abin ya sauko zuwa wajen biyu cikin ɗari. Ga abin da horo da tsari ke yi a hannun ma'aikatan jinya.

Har wa yau, macen da ke shan maganin hawan jini, in ta yi ɓatan wata ko tana neman haihuwa, ta gaya wa nas da wuri. Losatan da danginsa suna cutar da ɗan tayi. Akwai waɗanda suka dace da mai ciki, za a sauya mata.

Sa'ad da hanya ta rufe

Ba za mu rubuta wannan kamar ba mu san inda muke zaune ba. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Yuni na 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje, aka rasa rayuka da yawa. Tsakanin waɗannan shekaru ƙauyuka nawa ne a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka watse, mutane suka kwana a daji, suka koma zaman gudun hijira a gari? Ana ƙirga waɗanda bindiga ta kashe. Ba a ƙirga tsohuwar da ta gudu ta bar ƙwayoyinta a kan taga, bayan wata uku ta faɗi a gidan 'yarta a Funtuwa.

Ma'aikatan jinya ma mutane ne masu iyali, tsoron da muke ji su ma suna jinsa. Ga kuma ƙarancinsu. A 2024 hukumar da ke yi wa nas da ungozoma rajista a Nijeriya ta bayyana cewa fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wadda ta zauna tare da mu a ƙauye, tana awon ciki, tana rigakafi, tana ɗinkin rauni, tana karɓar haihuwa da tocila, ta cancanci girmamawa. In mun iske layi, ko mun iske magani ya ƙare, kada mu sauke fushinmu a kanta.

Ga shawarar da nas ɗin nan tamu ta bayar, mun kuwa ga hikimarta. A ajiye kati da magani cikin leda ɗaya, a inda hannu zai kai cikin duhu. A rubuta sunan magani da ƙarfinsa a wata takarda dabam, a ba ɗa ko 'ya mai karatu, ko a ɗauki hotonsa a waya. Kada a jira ƙwaya ta ƙarshe, a koma tun da sauran na mako guda. Wanda jininsa ya daidaita ya roƙa ko za a ba shi na wata biyu ko uku. In ƙaura ta kama, duk garin da aka sauka a nemi asibiti mafi kusa a nuna kati. Nas ɗin can za ta ɗora daga inda ta gida ta tsaya.

Ta kuma ce akwai ranar da ba a tsayawa a ƙaramin asibiti. In baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da ciwo, ko numfashi ya gagara, a nufi babban asibiti nan take. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko jiƙo a baki, gama yana iya shaƙewa. Da dattijonmu ya isa da sassafe, wa ya san abin da za a iya cetowa?

Namu aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nas tana ganin mai ciwo minti goma a wata, sauran kwanakin a hannunmu yake.

Akwai wata magana da ta shafe mu masu bi, dole mu faɗe ta. Mun ga waɗanda aka yi musu addu'a suka zubar da magani, wai shan ƙwaya rashin bangaskiya ne. 'Yan'uwa, manomin da ya roƙi Allah damina mai albarka ba ya rataye fartanyarsa. Luka da ya rubuta bishara ma likita ne. A yi addu'a, a sha magani, a koma awo. Fastoci da dattawa su faɗi wannan a fili, gama bakinsu yana da nauyi.

Kusan kowace ikkilisiya tana da nas ko malamin asibiti guda. A haɗa kuɗi a sayi abin awo mai kyau na damtse, a roƙe su su riƙa auna manya bayan sujada sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi, wanda aka iske nasa ya hau a tura shi asibiti. Zumuntar mata ta ɗauki zancen gishiri da awon ciki. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi su ma su zo a auna su, gama ciwon bai san addini ba. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya, rana ce mai kyau ta farawa, amma ba sai an jira ta ba.

A cikin gida kuma, a sa yaro ɗan makaranta ya zama mai tuna wa Kaka ƙwayarta kowace safiya, yana yin alama a kalanda. 'Ya'yan da ke aiki a birni, kafin ku aiko da shadda da atamfa na Kirsimati, ku tambaya ko maganin Baba da na Inna ya kusa ƙarewa. Magidanci ya raka matarsa awon ciki, in ya je shi ma ya miƙa damtse.

Makon jiya mun je gaishe da dattijon nan. Mun iske shi a gindin darbejiya, sabon kati a aljihun gaba, layi shida cike da rubutu. Matarsa ta ce yanzu shi ne ke tuna mata ranar komawa. Da za mu tafi ya riƙe hannunmu da hagunsa, ya ce, "Malam, kai fa, yaushe rabonka da awo?"

Muka yi shiru, gama mun fi shekara. Washegari kafin a buga ƙararrawar makaranta muka tafi. Mai karatu, kai fa?